Injin Ruwan da Ya Hana Ni, Yanzu Ni Zan Zaɓa wa Ɗansa

Assalamu alaikum 'yan wannan zaure mai albarka. Admin don Allah a ɓoye sunana, Hausawan Khartum da ke cikin nan duk mun san juna, wani ma a layinmu yake. Don Allah ku ba ni shawara, domin abin da nake shirin yi na san ba shi da kyau, kuma wallahi zuciyata son sa take yi.

Ni haifaffen Aljirif ne, kakanninmu sun taso aikin hajji suka tsaya noman auduga a Jazira, daga baya iyayenmu suka dawo birni. Sana'ata sa tayil, wanda a nan muke ce wa siramik. Na koya a hannun ɗan baffana, zan kira shi Yaya Bashir duk da ba sunansa ba ne. Shi ke karɓo aiki, shi ke aunawa yana shimfiɗawa a cikin ɗaki, ni kuma ina tsakar gida ina yanka. Yankan da saruk nake yi, wato ƙaramin injin hannun nan mai faifai da ke yanka a bushe. Wanda bai taɓa tsayawa kusa da shi ba ba zai gane ba, ƙura ce fara sol mai laushi kamar fulawa, ta shiga gira, ta shiga kunne, ko yawu ka tofar fari zai fito. In na dawo gida yarana har tsokanata suke, wai Baba ya tsufa da rana ya dawo yaro bayan wanka.

Wata rana muna aiki a Umdurman na leƙa gidan da ke kusa da namu, na ga wasu na yanka da injin ruwa. Tebur ne, ruwa na zuba a bakin faifan, ƙurar da ke tashi mini sama su a wajensu taɓo take zama ta gangara cikin tire. Mai yankan har hira yake da abokinsa, fuskarsa fes. Na dawo da sauri na ce Yaya mu sayi irin wannan. Ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Ya zol, haba mutumina, mu ba 'yan gayu ba ne. Ɗaura rawaninka a hanci, in mun tashi ka sha madara, tana wanke ƙirji tas." Kuma kullum in mun tashi sai ya tsaya wajen mai shayi ya sayo mini kofin madara mai zafi, ya tsaya a kaina sai na shanye. Ni kuwa shashasha har godiya nake yi, a gida ana ta yabonsa, ana cewa ka ga ɗan'uwa mai kula da ɗan'uwansa.

Ban fasa roƙo ba. Duk sanda muka gama babban aiki sai na sake tayar da maganar, yau ya ce injin yana da nauyi ba ya ɗaukuwa, gobe ya ce yana cin wuta, jibi ya ce ruwan zai ɓata wa mutane gida. Ana cikin haka ya sayi motar ɗaukar kaya, ya ɗora bene a gidansa, ya je umra ya dawo da tsaraba. Ban yi masa hassada ba, Allah shaida ne, injin nan kaɗai nake so.

Ciwon ya fara mini da tari busasshe, sannan numfashi ya fara gajarta. Ni ne ke kiran sallar azahar da la'asar ranar hutu a masallacin unguwarmu, gadon kakana ne, kuma ba yabon kai ba, in na ja murya har masu bulo a bakin bahar, wato kogi, suna ji. Ranar da abin ya bayyana ina tsakiyar kira numfashina ya yanke, na buɗe baki babu iska, lasifika na kunne duk unguwa na jin tarina. Wani dattijo ne ya zo ya karɓa ya ƙarasa. Da aka yi hoton ƙirjina likita ya tambaye ni sana'ata, na faɗa masa, ya ce ƙurar dutse ce ta zauna a huhu, ba ta fita, sai dai a lallaɓa abin da ya rage. Na ce masa ai ina shan madara kullum. Irin kallon da ya yi mini har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Yaya ya zo dubiya, ya ce malesh, wato sannu, ƙaddara ce, kowa da irin jarrabawarsa. Kun san abin da ya riƙo mini? Gwangwanin madarar gari. Kafin in tashi daga kwanciya ya sa wani a kan saruk ɗin, aiki bai tsaya ko na wuni ba.

Yanzu ina zama a shagon wani bawan Allah a kasuwar kayan gini, muna sayar da injina da faifai da sauran kayan aiki. Aikin zama ne, shi nake iyawa. Kuma da yake duk wanda injinsa ya ba shi matsala wajenmu yake dawowa da ƙorafi, na san halin kowanne kamar yadda na san halin 'ya'yana. Injin ruwa iri biyu muke da su a yanzu. Akwai ja, kyakkyawa, mai ƙyalli, an manna masa hotuna ta ko'ina, kowa ya shigo shi yake fara shafawa. Amma dogon ƙarfen da kan injin ke gudu a kai siriri ne, in aka ɗora babban tayil mai tauri sai ya ɗan lanƙwasa, layin yanka ya kauce, baki ya ɓantare. Famfonsa kuma a ƙasan tire yake zaune, taɓon yankan yake zuƙa, ga ruwanmu na damina da ke zuwa jawur da laka, ba ya daɗewa yake toshewa ya ƙone, kuma babu kayan gyaransa a kasuwa. Sai ɗayan mai ruwan toka, mummuna, mai nauyin tsiya, amma ƙarfensa kauri ne, teburinsa dogo, famfonsa a bokiti daban ake sa shi da matacinsa, in ya lalace ko'ina za ka samu wani. Wannan shi ne injin aiki.

Farkon makon nan ina zaune sai ga Yaya Bashir ya shigo da fara'arsa, jallabiya fara ƙal, yana ta kef halak kamar jiya muka rabu. Ya ce ya samu aiki a unguwar Soba, gida babba, mai gidan daga waje ya yi odar tayil ɗinsa, manya-manya masu tsada, kuma daidai gidan aka kawo, babu rara. Yana son injin ruwa, kuma ba wanda ya yarda da shi ya zaɓa masa sai ni. Har nan na daure. Sai ya rage murya ya ce ɗansa Muzammil ne ke yanka yanzu, ya gama makaranta bai samu aiki ba ya shigo sana'a, kuma kwanan nan ya fara ɗan tari. Ya ce, "Zaɓo mini mai kyau ya akhi, kai ka fi kowa sanin ƙurar nan ba ta da imani."

Jama'a, ban san lokacin da na miƙe ba. Na leƙa waje na ce wa mai shayi ta kawo madara kofi ɗaya mai zafi, na ajiye a gabansa na ce ga injin nan, ya kai wa Muzammil, yana wanke ƙirji tas. Sai ya fara cewa wai har yanzu ban bar maganar nan ba, wai shi a lokacin bai da hali, wai ni mai riƙo ne tun ina yaro. Na faɗa masa maganganu da yawa, rabi tari ya cinye, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, ko faɗa ba na iya ƙarasawa. Bai ba ni haƙuri ba. Ya tashi yana kaɗe riga, a hanyar fita ya tsaya ya shafa jan injin ya ce wannan kam ya yi kyau, ranar Asabar za su zo da mota su ɗauka, in duba masa kafin nan.

To kun ji inda shaiɗan ya samu ƙofa. Ba sai na yi ƙarya ba, ba sai na kwance ko ƙusa ɗaya ba, shiru kawai zan yi ya ɗauki abin da idonsa ya so. Na san yadda za ta kaya kamar ina gani. Za su fara da murna, layi ya fara kaucewa, su ce hannun yaro ne, tayil ya ɓantare, su juya shi ta bango, wani ya sake ɓantarewa, har a kai inda ba abin da za a ɓoye. Mai gida ya zo ya ga kayansa da ba a samun irinsu a gari sun zama tarkace. A sana'armu suna shi ne komai, labari ɗaya in ya zaga Soba ya ƙetara Umdurman, Yaya ya gama karɓar babban aiki. Wallahi in na kwanta na hango fuskarsa a ranar sai in ji wani sanyi a raina. Ina so ya tsaya a gaban mutane ya buɗe baki ya rasa abin faɗa, yadda na tsaya a gaban lasifika.

Matata ta ce in bar shi ya ɗauki jan, ta ce ita ta san daren da take zaune tana dafa mini baya, kuma ba ta ga Bashir a wajen ba. Innata kuwa ta ce jini ɗaya ne, in na yi haka da wane ido zan dubi baffana a lahira. Na ce mata shi da wane ido ya dube ni shekara da shekaru ina fari kamar fatalwa, ta ci gaba da jan carbinta.

Da a nan maganar ta tsaya da ban rubuto muku ba, da na yi shiruna kawai. Jiya Muzammil ya zo shagon shi kaɗai. Yaron kirki ne, ni na yi masa kiran sallah a kunne ranar da aka haife shi, lokacin ina da muryar yi. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya je yana zagaya jan injin yana murmushi, ya ce, "Baffa, wannan ne namu? Tamam wallahi." Sai ya juya ya yi tari a hannun riga. Na san tarin nan, busasshe, gajere, mai fitowa biyu-biyu, da shi nawa ya fara. Kuma na san abin da ke faruwa ranar da famfon jan ya mutu ana tsakiyar aiki, ba mai tsayawa neman gyara, cewa za a yi ɗauko saruk mu ƙarasa na yau, gobe ma a ce na yau. Wanda zai riƙe saruk ɗin ba Bashir ba ne.

Zuciyata ta fara saukowa, har na ɗaga hannu zan nuna masa mai ruwan tokar. Sai na tambaye shi, don in ji, ko babansa na saya masa madara in sun tashi. Ya yi dariya ya ce, "La la Baffa, na taɓa tambayarsa, ya ce madara ba ta yin komai, magana ce da ake faɗa wa leburori tun zamanin da don su kwantar da hankali. Ya ce shi tun yana saurayi ya sani." Ya faɗa ne da zuciya ɗaya, bai san abin da ya faɗa ba. Na mayar da hannuna aljihu na ce ya gaida gida.

Tun yana saurayi ya sani. Yana tsaye a kaina sai na shanye, ina ce masa na gode Yaya.

Asabar ta kusa, injinan biyu suna nan gefe da gefe a shago. Don Allah wanda zai ce in yafe ya ajiye wannan tukuna, ban kai nan ba, kuma ba na son a yi mini wa'azin da ni ma na iya. Abin da nake tambaya, akwai hanyar da zan sa Bashir ya ɗanɗana kuɗarsa ba tare da ƙurar ta bi ta ƙirjin Muzammil ba? In tara dangi in sa shi ya maimaita maganar nan da bakinsa kafin in nuna masa injin kirki, ko hakan ya yi masa arha? Ko in ce ya je wani shago, alhali na san duk inda ya je jan zai ɗauka? Ku faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba. Na san in na yi shiru tarin da na ji jiya zai zama irin nawa, na sani sarai, kuma har yanzu da nake rubuta muku shirun nake son yi.