Takalman da Ba Ku Ajiye a Bakin Rami Ba

Zuwa ga Malam Shugaban ƙungiyar ɗalibai masu wasan tarihi, a nan Wudil.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka baki ɗaya. Yaya gajiyar taro? Allah ya huce gajiya.

Ni ce Binta mai abinci ta Utai, wadda yaranka suke ce wa Inna. Gidana kuka zo kafin azumi, kuna neman wanda ya taɓa zama a sansanin masu haƙar zinare don ya ba ku labari. Na yi shekaru ina dafa wa 'yan haƙa abinci a wani daji can wajen Birnin Gwari, lokacin da maigidana, Allah ya jiƙansa, yake shiga rami. Na rubuto a fili ne domin a fili kuka yi wasanku, kuma na san ba ni kaɗai ce uwar da abin ya shafa ba.

Na farko, yabon gwani ya zama dole. Da na shigo filin wasanku ranar Asabar, sai da na dafa kafaɗar ɗana. Ga bukkokin kara an lulluɓe su da leda, ga rami da mai jan igiya a tsaye, ga masu wanke ƙasa a kasko sun duƙufa. Hatta tukunyar rabin duro ba ku manta ba, da garau-garau yana tururi a ciki. Yarinyar nan Rukayya da ta fito a matsayina kuwa, Allah ya shirye ta, ta ci ɗamara ta ɗauki ludayi tana korar masu leƙa tukunya. Na yi dariya har da hawaye, ko da yake ni masifata ba ta kai tata ba. Waƙar jan igiya da na koya musu ma sun rera ta daidai. Na ji daɗi ƙwarai, don ban taɓa zaton akwai wanda zai ɗauki wahalarmu da daraja har ya nuna wa jama'a ba.

Na biyu, inda kuka tsayar da wasan. Wani ya fito daga rami da dutse mai sheƙi, aka ɗaga shi sama, aka goce da kiɗa da rawa, aka turo masa sabon babur, sai kuka ce an tashi. Ba ƙarya kuka yi ba. Ana yin haka, na gani da idona. Sai dai ba iyakar abin da na faɗa muku ke nan ba.

Na uku, maganar takalmi. Yaranka da kambas a ƙafa suka riƙa shiga ramin. A sansani ba mai yin haka, don da yatsun ƙafa ake kama 'yan ramukan da aka sara a jikin bango. Kowa a bakin rami yake tuɓe nasa ya jera. Idan rana ta yi gora, ba na buɗe tukunya sai an tura mutum ya zaga ramuka ya duba. In ya dawo ya ce ba saura, a yi bismilla. In kuwa ya tarar da takalmi a ajiye ba mai shi, to ranar ba wanda zai kai loma baki, diga da shebur za a ɗauka. Wani a ciro shi da rai, wani a ciro gawarsa, wani ƙasa ta riƙe shi har abada. Duk na faɗa wa ɗalibanka wannan, sun kuma rubuta. Da aka tashi na tambayi Rukayya, ta sunkuyar da kai ta ce an cire wurin ne saboda akwai ƙananan yara da manyan baƙi, kada a ɓata musu rai. Na fahimta, kuma na san ba da mugun nufi aka yi ba.

Na huɗu shi ne abin da ya hana ni sukuni. Ɗana Babangida, wanda ya kawo ni wurin wasan, yana goye a bayana muka baro dajin nan. Yanzu ya zama saurayi, shi yake noma mana 'yar gonar da muke ci, ba ni da wani sai shi. Tun ranar Asabar ɗin nan bakinsa bai bar zancen zinare ba. Shi da wasu abokansa biyu 'yan Lajawa sun yanke cewa da an yanke dawa za su tafi. Har ya sayo cocilar da ake ɗaurawa a goshi, ya ɓoye ta a rumbu yana zaton ban gani ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, kawunsa ma ya kira shi. Amsarsa ɗaya ce, wai ai ga masu ilimi ma sun nuna cewa akwai arziki a wurin. Ba na ganin laifinsa sosai. Labarina tun yana ƙarami yake jin sa, har ya zame masa kamar tatsuniya. Naku kuwa da idonsa ya kalla, kuma gani ya kori ji. Ina tsoro, Malam, tsoro mai yawa.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na ji za ku sake yin wasan kafin kaka ta ƙare, don haka ga roƙona. Kada ku fasa, kada ku cire rawar, ku bar babur ɗin ma. Amma ku sa yaran su tuɓe takalma kafin su shiga. Bayan an gama murna, Rukayya ta ƙi buɗe tukunya, a tura ɗaya ya zaga, ya dawo riƙe da takalmi. Ba sai an yi dogon bayani ba, jama'a za su gane, yaran da kuke tausayi ma gara su gani a wasa. Sannan ina roƙo ka aika wa Babangida da abokansa gayyata da bakinka, ka zaunar da su a gaba. Yana ganin girmanka, in kai ka kira shi zai zo.

Kada ku wahalar da kanku neman takalmin da za a tsinta. Akwai a wurina, na roba ne, an ɗinke maɗaurin ƙafar hagu da waya. Na mahaifinsa ne. Mun kwana muna tono ba mu kai gare shi ba, shi ya sa takalmin kaɗai na dawo da shi Utai. Zan kawo muku da hannuna.

Allah ya ƙara maka basira, ya yi wa ɗalibanka albarka, ya raya maka naka 'ya'yan a gabanka.

Wassalam.

Binta mai abinci,
Utai, Wudil.