Tsayuwar Mutumin Nan Namu

Zuwa ga Malam Iliya, tsohon babban akawunmu.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali, kuma ciwon idonka ya yi sauƙi. Na sa wannan a jarida ne don ban san adireshinka ba tun da ka koma ƙauye. Wanda ya gani, don Allah ya karanta maka.

Ka tuna hutun azahar a gindin ɗorawar bayan ofis, lokacin ina sabon akawu? A nan kake ba mu labarin ɗan majalisar Amurkan nan na zamanin bauta, wanda ka karanta a wani tsohon littafi marar bango. Sunansa ya gagari bakinmu, sai muka riƙa ce masa mutumin nan namu.

Ka ce lauyan ƙauye ne, manoma suka tura shi majalisa. A lokacin an hana ta da zancen bauta a zauren. Shi kuwa duk zama sai ya miƙe da kukan mutane a kan cinikin bayi. A ce ya zauna, a yi masa ihu, wani zaman ya sake miƙewa. Da suka tsawata masa a gaban kowa, ya ajiye kujerar ya koma gida. Manoman nan suka sake zaɓensa, ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya, har ya tsufa a kai.

Kakan rufe da cewa, “Ba nasararsa nake so ku duba ba, tashin nasa.” Ni kuwa a raina ina cewa, miƙewa tsaye har wani aiki ne?

Malam, yanzu ina cikin majalisar gunduma. Da farkon damina mutanen Zungur suka same ni a gida, a garin Ɗan Iya. Ana kwashe mazansu zuwa aikin hanya na tilas ana tsakiyar noma, ciyawa na cinye musu dawa. Abin da suke roƙo kawai a ɗaga aikin zuwa bayan kaka.

Ka san sabuwar ƙa'ida ta ce mai magana ya miƙe. Amma shugaban zaman aminin mahaifina ne. Tun ina yaro ban taɓa yi masa magana ba sai a durƙushe, takalmina a waje. Kowa a zauren a zaune yake faɗin tasa, kai a sunkuye. Na tsara maganata, na sake tsarawa, na kuma yi ta tambayar kaina ko neman suna nake yi.

Ranar zaman na miƙe. Sai ga ni ina kallon saman rawaninsa, abin da ban taɓa gani ba. Ya yi mini nuni da hannu in zauna, a hankali, yadda uba ke yi wa ɗa. Ban zauna ba sai da na gama.

An ƙi buƙatar. Da aka tashi na je na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai dube ni ba. Ranar nan abinci bai shiga cikina ba.

Sau ɗaya na yi, babu ihu, babu zagi, ga yadda na koma. Shi mutumin nan namu ya yi shekaru yana yi, a zauren da ake ƙinsa. Wace irin zuciya Allah ya ba shi? Sai yanzu na gane abin da ya sa muryarka ke sauka idan ka zo wurin dawowarsa.

Mutanen Zungur suna kan hanyar har yau, dawa ba ta jira. Akwai wani zaman nan gaba, kuma na riga na gaya musu zan sake tashi. Na gaya musu ne don kada in samu hanyar fasawa.

Baba, haka nake kiranka a zuci tun can, Allah ya ba ka lafiya, ya haskaka idonka, ya saka maka da alheri. Ni kuma ka roƙa mini ƙarfin gwiwa, ta gaske, wadda ake tsayawa a kai.

Naka ɗan,
Adamu