Naɗi Arba'in

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da matarka da yara. Inna tana gaishe ku, ƙafar tata da sauƙi.

Ka tuna kwandunan waya cike da duwatsu da aka jera a gaɓar kogi, a ƙarƙashin ɗakin Inna, shekara uku da suka wuce? Wayar masana'antarku ce, kai ka ce a saye ta. To, ta fara yin ja. Maginin da ya yi aikin ya zo ya duba, ya ce wayar da aka yi wa rufin tutiya takan yi shekara ashirin ba ta yi tsatsa ba. Ya ce in kogi ya cika bana, kwandunan za su iya fashewa, gaɓar ta zaftare da ɗakin.

Na roƙi Inna ta dawo wurina kafin damina. Ta ce ɗanta ne ya yi wayar, magini kuma ya je ya ji da bulonsa. Ka san ta.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode Allah da jin sauƙin Inna.

Kada magini ya tayar miki da hankali. Kafin waya ta bar hannunmu sai an wanke ta da ruwan asid, an busar da ita, sannan ta ratsa tukunyar narkakkiyar tutiya. Shekara ashirin da biyu ina tsaye a bakin tukunyar nan, har girata ta ƙone. Mai yiwuwa jar laka ce kuka gani.

Amma don a tabbatar, in akwai ragowar naɗin wayar a ɗakin ajiya, ki yanko guntu daga tsakiyarsa, ba daga baki ba. Ki naɗa shi sau shida a jikin ƙusa, ki ga abin da zai faru. Akwai kuma 'yar alamar kwano ɗaure a jikin naɗin. Ki rubuto mini abin da ke kanta.

Ki gaishe da Inna.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na yi yadda ka ce. Tun a zagaye na biyu rufin ya fara zuba a cinyata kamar ɓawon kifi. Sai na yanko daga bakin naɗin na gwada, ko gezau bai yi ba.

Alamar ta ce: layi na uku, aikin safe, wata na biyu. Yaya, ai layi na uku a masana'antar naka ne. Me ya sa ka ce in yanko daga tsakiya? Ni ban san aikin ƙarfe ba, amma ina koyar da yara, na san fuskar wanda ya yi tambaya alhali ya san amsar.

Hadari ya fara haɗuwa da yamma. Maganar kowa ba za ta ɗaga Inna daga ɗakin nan ba sai taka.

Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki. Na yi mako biyu ban amsa ba, ki yi haƙuri.

A wancan watan aiki ya yi mana yawa, asid ɗin wanki kuma ya yi sanyi, ba ya cire dattin ƙarfe sosai. Canza shi zai tsayar da layi kwana biyu. Ba wanda ya umarce ni da komai. Ni na ƙi tsayarwa, na kuma ƙara wa injin gudu. Tutiya ta hau waya ba ta kama ba.

Mai duba inganci daga bakin naɗi yake yankar abin gwaji, kowa a wurin ya san haka. Saboda haka mita ashirin na ƙarshe nakan rage gudu, su fito da kyau. Naɗi arba'in na yi a haka. Ban taɓa tambayar inda suka tafi ba. Da kuka zo saye, na ce a ba ku daga sito, ban duba alama ba.

Ki kwashe Inna yau, ki ce ni na ce. Sauran bayanin kuma ya tsaya tsakaninmu. Wata takwas ya rage in yi ritaya. In na faɗa korata za su yi, kuma duk wanda na koya wa aiki a layin nan zai ji dalili.

Yayanki

*

Yaya,

Muna lafiya. An yi ruwan farko shekaranjiya, kwando ɗaya ya buɗe baki.

Ban iya yi wa Inna rabin karatu ba. Na karanta mata duka. Da na gama ta ce, “Mu naɗi nawa muka saya?” Na ce biyu. Ta ce, “Sauran talatin da takwas fa, a ƙarƙashin ɗakin uwar wa suke?”

Ta ce in gaya maka ba ta yi fushi ba. Amma ba za ta fita ba sai an sanar da waɗancan mutanen. Na yi kuka, na kira Kawu, ya yi magana har ya gaji. Ni ma yanzu a ɗakin nake kwana.

Auta

*

Auta,

Salama a gare ku. Jiya na miƙa wa manaja bayanin a rubuce, da lambar kowane naɗi. Ya karanta sau biyu, ya karɓe katin shigata masana'anta. An gano inda talatin da ɗaya suke, har da katangar wata makaranta. Ana neman bakwai.

Ina nan tafe ranar Asabar da mota. Ki ɗaure kayan Inna. In ta ce sai an gano bakwai ɗin, ki shimfiɗa mini tabarma kusa da taku.

Yayanki