Katangar Maƙabartar Kirkstruan Ta Yi Ciki

Dougal Petrie,
Gida na 2, Layin Coci,
Kirkstruan.
19 ga Nuwamba, 2018.

Jami'in Kula da Gine-ginen Tarihi,
Majalisar Gunduma.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: KATANGAR MAƘABARTAR TSOHON COCI DA KE BAYAN GIDANA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni direban motar madara ne, maƙwabcin maƙabartar ta arewa. Ga kokena:

1. Shekara ɗari shida ana binne mutane a kan mutane, har ƙasar wurin ta fi tagar ɗakin 'yata Morven tsawo. Katangar dutse ce kaɗai ke riƙe da ita, taku biyu daga bangonmu.

2. A watan Yunin bara, ma'aikatan da aka turo suka liƙe duwatsun da siminti maimakon farar ƙasa irin ta magabata, suka toshe har kafofin da ruwa ke fita. Tsohon magininmu Hector Baird ya ce musu, "Samari, kun ɗaure mata baki. Ranar da za ta yi amai ba kwa nan." Suka yi masa dariya.

3. Tun ruwan Oktoba katangar ta yi ciki. Ranar 2 ga wata na tokara sanda tsakaninta da bangonmu. Jiya na tarar sandar ta karye. Wani dutsen kabari mai zanen ƙoƙon kai ya karkato wajenmu. Ranar Lahadi Morven ta tsinto wani ƙashi a magudana, tana tambaya ko na tunkiya ne. Na ce mata na tunkiya ne. Na kai wa limamin coci a cikin tawul.

4. Sau biyu na zo ofishinku. Aka ce katangar kayan tarihi ce, ba a taɓa ta sai kwamiti ya zauna a Fabrairu, kuma laifi ne in na huda simintin da kaina.

Yallaɓai, ban raina tarihi ba, kakannina suna bayan katangar nan. Mun mayar da yarinyar kicin, amma shi ma a wannan ɓangaren yake.

Ina roƙon a turo injiniya cikin makon nan, a tokare katangar, a buɗe kafofin. An yi hasashen ruwa mai ƙarfi daga ranar 26. Idan ranar ta zo ban ga kowa ba, zan buɗe su da gudumata. Mai zuwa kama ni ya bi ta ƙofar gaba, kada ya bi ta baya.

Naka cikin ladabi da biyayya,
Dougal Petrie