Cittar da Na Binne wa Baba Bawah

Asabar, 4 ga Nuwamba, 2023
Madam ta dawo daga Japan da saiwar wani fure, wai airis. Ta damƙa wa Baba Bawah, mai lambun gidan, mutumin Kumasi. In bai yi fure ba, kamfani za ta kira su karɓi lambun. Saiwar nan kamar citta sak. Baba ya dasa a laka yana lallaɓa ta kamar jaririya.

Juma'a, 17 ga Nuwamba
Da ya tafi masallaci na tone uku cikin biyar ɗin da ya dasa, na binne masa cittar kicin. Ina tuƙa Madam ina dariya ni kaɗai. Saiwar na jefa a bokiti bayan ɗakinmu na 'yan ci-rani a unguwar Mansura, inda ruwan esi mai sanyaya ɗaki ke ɗiga.

Lahadi, 10 ga Disamba
Nawa sun tsiro. Ashe abin ruwa yake so, kamar shinkafa.

Juma'a, 5 ga Janairu, 2024
Na zauna gaban bokitin har la'asar ta kusa wuce ni. Ganyen tsaye kamar takobi. Iska ta kaɗa, sai na ji kamar ga ni gida a fadamar Kura, laka har gwiwa, Inna na kira daga kan kunya. Ɗalhatu, abokin ɗakina, ya ce na samu matar aure a bokiti.

Talata, 20 ga Fabrairu
Ragowar biyun na Baba sun bushe, cittata kuwa ta yi shar. Madam ta ba shi mako biyu. Ya ci gaba da ban ruwa. Shekararsa goma sha ɗaya a gidan nan. Wasan bai yi mini daɗi yau ba.

Juma'a, 1 ga Maris
Furena ya buɗe. Shuɗi mai ratsin rawaya, faɗin tafin hannu, yana rawa kamar mayafi a igiya. Na rungumo bokitin a jirgin ƙasa na Metro, kowa na kallona. Na ajiye gaban Baba.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Surajo, ni da na girma a gonar citta? Tun ganyen farko na gane. Jira nake in ga ko ka iya riƙe abu da rai."

Asabar, 2 ga Maris
Kamfani ba zai zo ba, in ji Madam. Baba ya dafa shayi da cittar, ya hana ni kofi. Na karɓi ban ruwan safe. Don bayansa na ciwo ne kawai.