Allon da Aka Musanya

Litinin, 8 ga Yuli, 2024

Baba ya gama allon zayyanar nan mai da'ira bakwai. Wata biyu yana kansa. Da hantsi ya fito da shi zaure, ya jingina a bango, ya ja da baya yana ƙanƙance ido.

"Ramlatu, koren nan ya fito kuwa?"

Na ce ya fito kamar ganyen rake bayan ruwa. Ya yi murmushi. Yanar ido ta rufe masa na hagu gaba ɗaya, na dama ma ta fara hawansa. Rabin aikin da ɗan yatsa yake lalubensa.

Na ɗauki hoto na ɗora a shagona na kasuwar intanet. Shekara guda ke nan ina sayar masa da alluna a can, tun da masu saukar Alƙur'ani suka rage zuwa nema a nan Makarfi. Shi "kasuwar cikin waya" yake ce mata, kuma har yau bai yarda cewa babu rumfa a ciki ba.

Alhamis, 11 ga Yuli

An saya. Wata Hajiya Samira, daga Abuja. Ta rubuto mini cewa ɗiyarta ce za ta yi sauka, har da "Allah ya ƙara wa Malam lafiya". Na naɗe shi da auduga da tsohuwar atamfa, na sa a kwali, Yaya Ja'afar ya tafi da shi ofishin aika kaya a Zariya.

Tun azahar nake ganin yarinyar a raina. Doguwa, siririya, da farin hijabi, ta rungume allon a ƙirji. Falo mai sanyi, labule yana motsi a hankali. Na ba ta suna ma, amma ba zan rubuta ba, abin kunya ne.

Ina yawan yin haka. Duk allon da ya fita daga gidan nan sai na gina masa gida a kaina, na zuba masa mutane.

Laraba, 17 ga Yuli

Saƙo daga kasuwar: mai saye ta nemi mayar da kaya. Dalili, wai ba aikin hannu ba ne. Na karanta sau huɗu. Ƙila kuskure ne ta danna.

Talata, 23 ga Yuli

Yaya Ja'afar ya kawo kwalin da la'asar. Tun daga nauyinsa na ji wani iri. Na shige ɗaki na rufe ƙofa.

Atamfata ce, audugata ce. Amma abin da ke ciki wani siririn katako ne, irin na bayan kabad, an yanka shi da siffar allo. A jikinsa an manna takarda da gam. Hoton allon Baba ne aka buga da inji. Hoton da na ɗauka da hannuna. Har inuwar ƙofar zaurenmu tana nan a gefe.

Na daɗe zaune. Ana ta ruwa a kan kwano. Abin da ya fi ba ni mamaki ban yi kuka ba, sai na riƙa tunanin mutumin da ya zauna ya auna, ya yanka, ya shafa gam, ya lailaye takardar da tafin hannu don kada ta tattare. Ya yi haƙuri da aikin. Kan Fatiha yake shafa hannun nan.

Kuma ba ni da ikon jefar da shi, ayoyi ne a jiki. Na ɗora shi saman kabad.

Laraba, 24 ga Yuli

Na shigar da ƙorafi. Sun ce in turo bidiyon lokacin da nake sa allon a kwali. Wane bidiyo? Bismillah na yi na rufe.

Yaya Ja'afar ya ce a kira lambarta. A kashe take. Ya ce, "Ke ma dai, Ramla, kowa ya ce miki Allah ya ƙara lafiya sai ki buɗe masa ƙofa." Na roƙe shi kada Baba ya ji.

Asabar, 27 ga Yuli

Baba ya tambaya, "Allon mutanen Abuja ya isa?"

Na ce ya isa. Ba ƙarya na yi ba ai.

Ya ce, "Allah ya sa yarinyar ta yi aiki da karatun." Na amsa da amin, muryata kamar ta wata.

Litinin, 5 ga Agusta

Hukunci ya fito. Ita ce mai gaskiya. An mayar mata da kuɗinta, ni kuma an manna wa shagona gargaɗi: in aka sake kama ni da kayan jabu za a rufe. Jabu. Hannun da ya yi shekara hamsin yana riƙe da alƙalamin kara.

Juma'a, 9 ga Agusta

Na kwanta bayan sallar Juma'a, barci ya ɗauke ni. Na ga kaina ina tafiya cikin gonakin raken hanyar Gazara, kuma kowane kara allo ne a tsaye, iska tana kaɗa su suna ƙara kamar ana tilawa daga nesa. Ina neman mai da'ira bakwai. Duk wanda na taɓa sai ya zama takarda, ya jiƙe a hannuna.

Na farka kaza tana tsattsagar shinkafar da na shanya.

Laraba, 14 ga Agusta

Na gan shi.

Wani shago a cikin kasuwar, mai sayar da kayan adon falo. "Tsohon allo na tarihi." An jingina shi kusa da tukunyar fure. Na ja hoton na ƙara masa girma. A da'ira ta shida akwai wurin da hannun Baba ya goce, ya rufe da ɗigon ja. Yana nan.

Na kai ƙara. Sun ce babu hujjar cewa nawa ne.

Ashe babu yarinya. Babu hijabi, babu labule. Wannan ya fi allon yi mini ciwo, ban san dalili ba. Kamar an yi mini rasuwar wadda ba a taɓa haifa ba.

Lahadi, 18 ga Agusta

Yanzu komai sai na ɗauka a bidiyo. Gaba, baya, kwali, hannuna. Ƙaramin allon da ya rage mana na ƙarshe ya tafi Gombe ranar Alhamis, wurin wani Malam Ikrama. Ban yi tunanin gidansa ba ko sau ɗaya.

Baba bai taɓa kurtun tawada ba tun wancan allon. Yana zama a zaure yana jan carbi, fuskarsa wajen haske.

Alhamis, 22 ga Agusta

Na Gombe ma ya nemi mayarwa. Wai ya iso a tsage.

Na rubuta masa abin da ban taɓa rubuta wa kowa ba. Na ce na san irinku, na ce ku ji tsoron ranar da za a tambaye ku, na ce ɓarayin ayoyi. Na tura. Na ji daɗi kuwa, na kusan rabin awa.

Juma'a, 23 ga Agusta

Ya kira. Murya a ƙasa, ta dattijo. Ya gaishe ni, ya tambayi Malam, ya tambayi damina, bai bar komai ba. Ni ina ta "lafiya" a taƙaice.

Sai ya ce, "Malama, ni ba kuɗin nake so ba. Mahaifiyata ce za ta yi sauka. Shekararta saba'in da ɗaya, shekara tara tana zuwa makarantar matan aure. Ta ce ita allo irin na da take so ta riƙe. In akwai wani, shi nake roƙo."

Na ce sai na ga wanda zai dawo tukuna. Ya ce babu laifi.

Ban yarda ba. Waccan ma da ɗiya ta zo.

Laraba, 28 ga Agusta

Kwalin Gombe ya dawo. Na kunna bidiyo kafin in yanke igiya.

Allon Baba ne. Ya tsage daga wuya har tsakiyar Fatiha, da alama an danne shi da kaya mai nauyi a mota. An naɗe shi da sabon farin yadi. Ɗan guntun da ya ɓalle daga gefe an sa shi a ambulan daban, an rubuta a kai: "Akwai harafi a jiki."

Na kashe bidiyon. A nan ne kukan da ban yi ba tun watan jiya ya zo.

Alhamis, 29 ga Agusta

Na faɗa wa Baba komai. Na sauko da katakon na sa masa a hannu. Ya shafa takardar, ya shafa gefen. Na ga haƙarƙarinsa yana ɗagawa.

"Wata biyu," ya ce. Shi ke nan abin da ya ce game da shi.

Da na ba shi labarin tsohuwar Gombe, da abin da na rubuta wa ɗanta, sai ya juyo. "Kin ba shi haƙuri?" Na ce tukuna. "To tashi ki ba shi, sannan ki dawo da kurtu. Akwai farin allo ɗaya a bayan buhunan masara."

Na ce Baba idonka.

"Naki fa? Shekara nawa kina zaune a gefena kina cewa kore ya fito, ja bai fito ba?"

Malam Ikrama ya ce ya yafe tun ranar. Saukar ranar sha huɗu ga wata mai kamawa ce.

Talata, 3 ga Satumba

Kwana biyar ina durƙushe. Bayana kamar zai ɓalle. Layin farko na wanke shi sau uku. Baba yana bin abin da na zana da yatsa bayan ya bushe. "Nan kin yi gaggawa." "Nan kin riƙe numfashi, ki riƙa sakinsa." Sau ɗaya ya ce, "Uhm," bai ƙara komai ba, na yini ina jin uhm ɗin nan.

Da'ira uku kawai. Ban isa bakwai ba.

Akwai lokacin da nake cika wata kusurwa da ruwan ɗorawa, na nemi zauren na rasa, na nemi ƙarar babura na rasa. Sai da aka kira la'asar na san ina duniya.

Litinin, 9 ga Satumba

Allon ya tafi. Na ɗauki bidiyo, na sa katako biyu a gefe don kada a danne shi. Na gaya wa Malam Ikrama gaskiya cewa hannuna ne, ba na Baba ba, in bai yi ba ya dawo da shi.

Lahadi, 15 ga Satumba

Ya turo hoto. Wata 'yar ƙaramar tsohuwa a kan tabarma, da tabarau mai kauri, ta riƙe allon da hannu biyu kamar za a ƙwace mata. Ba ta yi kama da kowa da zan iya ƙirƙira ba. Na kwatanta wa Baba ita, har haƙorinta guda na gaba. Ya ce in sake faɗa masa daga farko.

Gargaɗin yana nan a shagona. Allon Abuja an sayar, ya ɓace daga shagon can.

Yaya Ja'afar zai shiga Zariya gobe. Na ce in ya bi ta wajen masu sassaƙa ya taho da farin allo. Ya ce guda nawa. Na ce uku. Ya kalli yatsuna, tawada ta ƙi fita daga ƙarƙashin farce, ya buɗe baki zai yi magana.

Na ce don kada a nema a rasa ne kawai.