Hannun gem ɗinka yana kan tebur

Abokina,

Na tafi ganin likitan ido, na bar ka kana barci.

Ga hannun gem ɗinka da na ƙwace. Jiya kana makaranta na so in haɗa maka shi da kwamfutar. Ban san inda na jefa igiyarsa ba ranar da nake faɗa, sai na soka ta cajin tocilata. Fitilarsa ta kama, amma 'yan ƙwallon da ke cikin gem ɗin suka tsaya ƙiƙam. Na danna har yatsana ya yi tsami.

Mai gyaran waya ya yi ta mini dariya, wai tawa wuta kawai take kaiwa, ba ta kai saƙo. Ya ba ni wata baƙa, tana cikin hulata. Ita za ka soka, kwamfutar za ta gane shi da kanta.

Faɗan karatu ban janye ba. Amma jifa da kayanka ban kyauta ba. Kwana uku ba ka zauna kusa da ni ba, gidan ya yi mini faɗi. Da la'asar ka jawo kujera biyu, ka nuna mini inda ake dannawa.

Kakanka